Giɓin Ganuwar Gabas

A shekara ta tara da hawan Sarki Dambo ɗan Tagwai gadon sarautar Birnin Ƙarfau, bayan an kai gero rumbu, wani ɗan leƙen asiri ya dawo daga ƙasar Dagazau ƙafafunsa a kumbure. Bai biya gida ba, ya zarce fada. Labarinsa gajere ne. Sarkin Dagazau ya tara maƙera suna ƙera kan kibiya, ya hana a kai doki kasuwa, kuma ya rantse kafin ruwan farko ya sauka zai sha daga rijiyar fadar Ƙarfau.

Mutum huɗu suka ji: sarki, da Galadima Jatau babban mai ba shi shawara, da Kaura Bagudu shugaban mayaƙa, da Shamaki bawan sarki mai kai saƙo. A Ƙarfau maganar yaƙi ba ta fita daga soron shawara sai ranar da aka buga tambari. Masu sana'a kuwa umarni ake ba su, ba a ba su dalili. Don haka sarki ya aiki Shamaki wurin Sarkin Magina, ya ce a ƙara wa ganuwar gabas tsawo kamu biyar. Shamaki ya je ya faɗa, ya dawo. Kaura ya fita ƙauyuka don ya tara dakaru.

Sarkin Magina sunansa Nomau, gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya ba hamsin baya. Kakansa ya riƙe sarautar, ubansa ya riƙe. Kwana uku ya yi yana bin ganuwar gabas, yana ƙwanƙwasa ta da ƙotar gatari, yana kara kunne. Rana ta huɗu ya tara maginansa ya ce a rushe ta har ƙasa, daga Ƙofar Malmo zuwa tsohuwar tsamiya, taki sittin. Bai aika fada ba. A ganinsa rani gaba ɗaya yana gabansa, kuma magini ba ya zuwa wurin mai gini da rabin aiki.

Gidan Galadima yana fuskantar wurin. Kwana bakwai yana fitowa ƙofar gida da safe, ya ga ganuwa tana raguwa, ya hau doki ya tafi fada, ya yi gaisuwa, bai ce uffan ba. Yana da suruki magini wanda ya daɗe yana nema wa sarautar.

Rana ta takwas manzo na biyu ya iso. Rundunar Dagazau ta taso, kwana goma sha biyu ya rage ta iso. A ranar Kaura ya dawo ta gabas da dakaru a bayansa, ya tarar ba ya bukatar ƙofa. Ya shigo birni ta giɓin da doki talatin za su jera su wuce.

Aka taru a soron shawara da hantsi. Mai duba ya riga ya zana ƙasa, domin ranar da aka fara fasa ganuwar, gina, garar nan mai fiffike, ta taso daga cikinta da tsakar rana, cikin rani, ta turnuƙe ƙofar kamar hayaƙi. Ya ce abin da zai ci Ƙarfau yana cikin Ƙarfau.

Galadima ya faɗi ya yi gaisuwa, ya gyara zama.

"Zaki, Allah ya ja zamaninka. Ban zo da sabuwar magana ba, mai duba ya riga ni. An ce wa mutum ya ƙara, ya rage. An nuna masa sama, ya nufi ƙasa. Kuma ba ko'ina ba, sai gefen da Dagazau za ta ɓullo. Wanda ya manta in tuna masa: uwar Nomau 'yar Dagazau ce, kawunnansa suna can suna cin kasuwa. Kan da ya buɗe birni a rataye shi a giɓin da ya buɗe, mutanen Dagazau su fara gaisawa da ɗan 'yar'uwarsu."

"Galadima ya iya magana," in ji Kaura, wanda ko ɗamarar tafiya bai kwance ba. "Abin da ya shige mini duhu, taki sittin ba a rushe su wuni ɗaya. Ni ina daji. Kai da kake wayar gari a kan ganuwar nan kullum, ciwon ido ka yi?"

"Na ɗauka da sanin sarki ake yi. Wane ni da tambayar aikin sarki?"

Sarki ya dubi Galadima. Sulusin dawakan Ƙarfau a hannun Galadima suke, ga yaƙi a bakin ƙofa. Ya haɗiye abin da ya zo masa baki, ya ce a kawo Nomau.

Dogarai suka shigo da shi, laka har gwiwar hannu. Hauni, mai sare kan wanda aka yanke wa hukunci, ya tsaya a bayansa. Sarki ya yi magana ƙasa-ƙasa, Shamaki ya ɗaga murya, kamar yadda aka saba in mai sana'a yana gaban sarki.

"Sarki ya ce, me aka umarce ka?"

"A ƙara kamu biyar, ranka ya daɗe."

"Sarki ya ce, me ka yi?"

"Na rushe don in taso da ita daga tushe. Ba za ta ɗauki ƙari ba."

"Sarki ya ce, ganuwar da ta tsaya shekara talatin, don me ba za ta ɗauka ba?"

Nomau ya sunkuyar da kai. Maginan Ƙarfau suna da rantsuwa wadda fadawa ba su taɓa damuwa da ita ba. Ranar da za a naɗa Sarkin Magina, sai ya dafa kabarin wanda ya gada, ya rantse ba zai ambaci aibin aikin mamaci da bakinsa ba. In ya ga ɓarna ya gyara, ya rufe baki.

"Kun gani," in ji Galadima. "Mai gaskiya ba ya rasa abin faɗa."

"Ranka ya daɗe," in ji Nomau, "akwai abin da bakina ba zai faɗa ba, ko Hauni ya ɗaga hannu. Amma abin da baki ya kasa, ido yana gani. In sarki zai taka zuwa gindin ganuwar, ya duba da kansa. In ya duba bai gamsu ba, ga wuyana. A can ma ba sai an wanke daɓe ba."

Galadima ya ce tun kafuwar Ƙarfau ba a taɓa jin sarki ya je wurin kwaɓa ƙasa ba. Sarki ya miƙe, ya amsa da kansa, ba ta bakin Shamaki ba.

"Tun kafuwar Ƙarfau ba a taɓa shigo mata ta inda ba ƙofa ba, sai yau. Ku kawo takalmina."

Suka tsaya kusa da tsamiya. Saura wani guntu, kamar taki biyar, da maginan ba su kai ga rushewa ba. Yana tsaye sumul, yaɓen makuba yana sheƙi a jikinsa, ba a bambanta shi da tsohuwar ganuwar da ta ci gaba daga bayan itacen. Nomau ya roƙi Kaura ya soki tsohuwar da mashi, daidai ƙugu.

"Mashin nan ya huda sulke," in ji Kaura, "amma ban taɓa yaƙi da katanga ba."

Ya soka. Kan mashin ya lanƙwashe, hannunsa ya yi tsami har kafaɗa. Aka miƙa masa wani, Nomau ya nuna masa guntun. Mashi ya shige har sai da hannun Kaura ya daki yaɓe. Da ya zaro, garin ƙasa ya biyo baya kamar an huda taikin gero, gara fari fat tana zuba a kan takalmin sarki.

"Galadima," in ji Kaura, "ga 'yan Dagazau ɗin da mai duba ya gani. Da wanne Hauni zai fara?"

Sarki ya tsuguna, ya zaro tubali ɗaya daga ramin, ya matsa. Ya ruguje a hannunsa, cikinsa baƙi, yana warin ruɓa.

"Ɗanye aka ɗora shi," in ji sarki.

Nomau ya sake sunkuyar da kai, sarki ya ci gaba.

"Ina ɗan shekara bakwai aka yi wannan gefen. Damina ta cinye shi, ubana Tagwai ya ce a mai da shi cikin wata ɗaya, kafin baƙinsa na arewa su iso. Ubanka ya ce to. Na tuna har riga aka ba shi. Ba kai ka faɗa ba, Sarkin Magina, ni na faɗa. Rantsuwarka tana nan."

Sai a lokacin Nomau ya ɗago kai.

"Saura tawa maganar da na ɓoye maka," in ji sarki. "Rundunar Dagazau tana hanya. Kwana goma sha biyu."

"Zaki, ba a buga tambari ba," in ji Galadima. Sarki bai waiwaya ba.

Nomau ya dubi giɓin daga wannan baki zuwa wancan. Ya zauna daɓas a kan ɓaraguzai.

"Da an gaya mini, ranka ya daɗe, da ban taɓa ta ba. Ruɓaɓɓiyar ganuwa a tsaye tana tsorata wanda bai san cikinta ba."

"Da ka gaya mini, da ban ce a ɗora mata kaya ba. Mun yi kunnen doki. Cikin kwana nawa za ka mai da ita?"

"Damina biyu."

"Kwana goma sha biyu na ce."

"Na ji. Ƙasa tana son kwana bakwai a kwaɓe kafin ta yi danƙo. Tubali yana son kwana goma sha biyar a rana. Kowane sahu sai ya sha iska kafin a ɗora masa wani. Ƙasa ba ta san sarki ba, ranka ya daɗe. In kana son in ce to, zan iya cewa, a ba ni riga. Ga abin da to take haifarwa nan a kan takalminka."

Dogarai suka motsa. Sarki ya ɗaga musu hannu.

"To me ƙasa za ta yarda da shi cikin kwana goma sha biyu?"

"Sai na san abin da ake so ta tare. Ban taɓa ganin yaƙi ba sai daga kan ganuwa." Ya juya wajen Kaura. "Kaura, yaya mutanen nan suke faɗa? Wa ke fara shigowa?"

Ba a taɓa jin magini ya yi wa Kaura irin wannan tambaya ba, amma Kaura ya tsuguna kusa da shi ya amsa. Ya ce 'yan lifidi, mahaya masu sulken auduga, suke sawa gaba, dakaru a baya. Sarkinsu yana ba wanda ya fara shiga gari sarauta, saboda haka in suka ga hanya a buɗe tsere suke yi, ba mai jiran wani. Dokin lifidi kuwa nauyi gare shi, ba ya tsallake abin da ya wuce ƙirjinsa, ba ya juyawa da sauri.

"Ba su zuwa da tsani?"

"Suna zuwa. Amma wa zai ɗauko tsani yana kallon giɓi?"

Nomau ya share ƙasa da tafin hannu. Ya ɗebi laka ya mulmula, ya yi 'yar ganuwa mai giɓi. A bayan giɓin, ta cikin birni, ya kewaya wata katanga kamar jinjirin wata, bakinta biyu suna manne da tsohuwar ganuwa. Sarki ya matso har rigarsa tana jan ƙasa.

"A bar giɓin yadda yake, su gani su yi murna. Wannan ta ciki kamu huɗu ya ishe ta, maharba a kanta. Filin da ke tsakani mu haƙe shi zurfin ƙugu, mu zuba ruwa mu kwaɓe kamar za mu yi tubali, mu rufe sama da busasshiyar ƙasa. Ɓaraguzan nan mu tara su a bakin giɓin. Mai shigowa ba zai ga katangar ba sai ya wuce su."

"Da wane tubali? Yanzu ka ce kwana goma sha biyar."

"Da busasshe. Tubali mai kyau ba ya mutuwa, in aka warware shi a hankali sai ya sake aiki. Mafi kyau a birnin nan kakana ya yi shi." Ya dubi sarki. "Yana jikin katangar fada."

Galadima ya yi dariya. "Ya buɗe birni, yanzu zai tsiraita gidan sarki. Zaki, gobe rawaninka zai nema ya ɗaure azara."

"Katangar fada ba ta da amfani gare ni in Sarkin Dagazau ne a ciki," in ji sarki. "A warware ta. In ba ta isa ba, gidan da ya fi kusa da giɓin ya biyo baya."

Kowa ya san gidan wane ne. Galadima ya sunkuya.

"Na ji, na bi. Amma mahayana za su jingina rayukansu da katangar mutumin da suka san danginsa. Ba zan ce musu su amince haka kawai ba. A sa sharaɗi su ji: ranar yaƙi Hauni ya tsaya kusa da shi. In katangar ta faɗi, kansa ya bi ta."

Sarki ya san in ya ƙi, sulusin dawakansa za su fita fage da rabin zuciya. Ya dubi Nomau.

"Na yarda," in ji Nomau. "Ni ma ina da nawa. Kowace safiya in zo in faɗa wa sarki inda aiki ya kwana, bakina da kunnensa, ba Shamaki a tsakani. Abin da ya ji daga Dagazau shi ma ya gaya mini."

"Ni ban taɓa rage saƙo ba," in ji Shamaki.

"Gaskiya ne. Ba ka kuma taɓa komawa da tambaya ba."

A ranar aka buga tambari. Kashegari aka fara warware katangar fada. Mutanen Ƙarfau suka jeru tun daga fada har gabas, tubali yana tafiya hannu zuwa hannu. Mata suka kwashe ruwan kududdufai uku suka juye a filin. Gidan sarki ya koma kewayen zana kamar na manomi, mai wucewa yana hango hayaƙin madafinsa, ba wanda ya yi dariya.

Kowace safiya Nomau yana zuwa. Rana ta biyar sarki ya gaya masa dakarun Dagazau sun fi yadda aka zata yawa, Nomau ya ƙara wa katangar matakala ta ciki don maharba su yi sahu biyu. Rana ta bakwai Nomau ya ce ruwa bai isa ba, sarki ya buɗe rijiyar fada. Rana ta tara ya zo, ya gaisa, ya ƙi zama.

"Taki goma na ƙarshe, ƙarƙashin tsamiya, ba za su tsaya ba. Tubalin fada ya ƙare, na cike da na gidan Galadima, kuma wanda ya yi masa gini ya yi rowar ciyawa a cikin ƙasa. Ga inuwa ta hana lakar bushewa. Daga waje ba a ganewa. In mutum ashirin suka dake ta da gungume, za ta zube."

"Ka san sharaɗin," in ji sarki. "Da ka yi shiru, wataƙila ba za su daki nan ba."

"Wataƙila. Amma kai ne mai ginin, kuma mutanenka ne za su tsaya a baya."

Sarki ya sallame shi, ya kira Kaura su kaɗai. Da aka raba wuraren tsayuwa a soron shawara, aka ji sarki ya zaɓi gindin tsamiya, shi da masu dogon mashi ɗari uku. Fadawa suka ɗauka inuwa yake so.

Rana ta goma sha biyu da hantsi gangunan Dagazau suka iso kafin mutanenta. Runduna ta cika fili daga rafi har gonakin bakin birni. Da suka hangi giɓin ko sansani ba su kafa ba. 'Yan lifidi ɗari huɗu suka sako dawakai a guje, kowa yana neman ya riga ɗan'uwansa. Na gaba suka ratsa ɓaraguzai, ƙasa ta buɗe ta haɗiye dawakansu har ciki. Na baya ba su iya tsayawa ba, suka hau kansu. Kakaki ya yi kuka sau ɗaya, maharban Ƙarfau suka miƙe a kan katanga sahu biyu, ɗaya yana saki ɗaya yana ɗanawa.

Dakarun Dagazau ba matsorata ba ne. Suka shigo suna taka gawarwakin dawakai kamar gada, garkuwa a ka, suka kai jikin katanga. Suka bi ta suna duka da gungumen giginya. A tsakiya gungumen ya dawo da su baya. Suka matsa hagu, haka. Suka kai ƙarƙashin tsamiya, a duka na uku katanga ta tsage, a na biyar ta zube.

Nomau yana kan tsohuwar ganuwa, Hauni a gefensa da takobi tsirara.

"Sarkin Magina, ka ga abin da na gani?" in ji Hauni.

"Na gani. Ka bari a gama, ina son in ga ko sauran za ta tsaya."

"Ni ba na sara sai an ce."

Mutanen Dagazau suka yi ihu suka kwarara ta fashewar. Taki goma ne faɗinta, mutum takwas take ɗauka a jere, kuma a bayanta masu dogon mashi ɗari uku ne a kafe, sahu bisa sahu, Sarki Dambo a tsakiyar na gaba. Wanda ya tsallake ɓaraguzai sai ya sauka a kan tsini. Na baya suna turo na gaba, ba su san abin da ke ciki ba, domin kowa ya ga katanga ta faɗi ya ɗauka an ci birni. Rundunar duka ta karkata zuwa wannan ƙunci. A lokacin Kaura ya buɗe Ƙofar Malmo, ya fito da dawakai, na Galadima a cikinsu, ya kewayo ya toshe giɓin daga waje.

Kafin azahar an gama. Sarkin Dagazau ya tsere da mutum ƙasa da ɗari, ya bar tambarinsa da Madawakinsa a cikin laka. Sauran katangar ko tsagewa ba ta yi ba.

Sarki ya zauna a kan ɓaraguzan da ke gindin tsamiya, an ɗaure masa cinya inda kibiya ta same shi. Ya sa dogarai suka ja mutane baya. Aka kawo Nomau, Hauni yana biye da shi. Galadima ya sauka daga doki, jini a hannun rigarsa, domin ya yi faɗa kamar kowa.

"Zaki, Allah ya ƙara maka nasara. Ba na son in ɓata ranar farin ciki, amma magana zarar bunu ce. An yi sharaɗi a gaban jama'a, kuma ga shi kana zaune a kan shaida. Katanga ta faɗi."

"Ta faɗi," in ji sarki. "Kwana uku kafin ta faɗi mutumin nan ya zo ya gaya mini inda za ta faɗi, da faɗin wurin, da abin da zai kayar da ita, alhali ya san takobi yana wuyansa. Shi ya sa Dagazau ta same ni a nan. Akwai kuma wanda ya ga rushewa kwana bakwai bai gaya mini ba, ga shi tsaye da rawaninsa. In yau ranar sara ce, ban san ta inda Hauni zai fara ba. Galadima, kai ne babba, ka zaɓa mana."

Galadima ya faɗi ƙasa. "Allah ya huci zuciyar sarki. Na janye."

Sarki ya juya wajen Nomau.

"Sarkin Magina, ganuwa huɗu gare ni. Na san cikin ɗaya. Sauran uku fa?"

"Ta kudu da ta yamma aikin kakana ne, za su ga jikokin jikokinka."

"Ta arewa?"

Nomau ya dubi takobin Hauni, wanda har yanzu ba a mai da shi kube ba.

"Rantsuwa ta hana ni faɗin aibin mamaci, ranka ya daɗe. Ni da rai nake. Ta arewa ni na gina ta, shekarar da ka hau. Shamaki ya zo ya ce kana son ta kafin salla. Na ce to. Cikinta ya fi wannan lalacewa."

Galadima ya ɗago kai kaɗan, ya ga fuskar sarki, ya mai da shi ƙasa.

"Na tuna," in ji sarki. "Ni na ce kafin salla. Damina nawa?"

"Uku. Kuma ba zan taɓa ta ba sai ka ce mini ba kowa a hanya."

"Hauni, mai da takobinka, ka tafi gida. Shamaki, daga gobe a shimfiɗa wa Sarkin Magina buzu a soron shawara, tsakanin Kaura da Galadima. Abin da muka ji, ya ji." Ya dafa mashi ya miƙe a kan ƙafa ɗaya. "Kaura, dawakanka sun sha ruwa?"

"Sun sha, Zaki."

"Ka bi su har ƙofar garinsu. Ina son damina uku da ba ɗan Dagazau da zai iya ɗaga kai ya dubi arewacin birnin nan."

Kafin la'asar dawakan Ƙarfau sun haye rafi sun shiga ƙasar Dagazau, abin da ba su yi ba tun zamanin kakan sarki.